Ruɓewar Kofaton Doki Da Damina: Laifin Turke Ne, Ba Na Ruwan Sama Ba

Kowace shekara, da zarar ruwa ya zauna a watan Agusta, sai ka ji masu dawaki a Dudunni da sauran garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya suna kukan abu guda: doki ya fara ɗingishi, kofato yana wari. In ka tambayi dalili sai a ce damina ce. Mu kuwa muna ganin an ɗora wa damina laifin da ba nata ba ne. Ruwan da ya sauka a kan wannan barga shi ne ya sauka a kan waccan, amma dokin wancan gida lafiya lau ya ke taku. Ashe ke nan sai a binciki inda dokin ya ke tsayawa.

Wanda ya taɓa ɗaga ƙafar doki ya san akwai wata tsoka mai ɗan taushi a tsakiyar tafin kofato, mai siffar bakin mashi, da kwari a tsakiyarta da kowane gefe nata. Nan ne ciwon ke kamawa. Waɗansu ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, irin waɗanda ba su rayuwa inda iska ke shiga, suna kuwa nan a cikin kashin dabbobi. In doki ya wuni ya kwana a tsaye cikin caɓin kashi da fitsari, sai caɓin ya cushe kwarin nan, ya toshe iska, kofato ya jiƙa ya yi laushi, ƙwayoyin su sami gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Alamarsa ba ta ɓuya: wani baƙin ruwa mai yauƙi, da ɗoyi wanda in ka shaƙa sau ɗaya ba ka mance shi. Da fari doki ba ya nuna ciwo ko kaɗan, shi ya sa a kan yi sakaci. Sai ruɓar ta ci ta kai nama mai rai sa'an nan ya fara ɗingishi, a lokacin kuwa aiki ya riga ya yi nisa.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, mu Katsinawa ba baƙin doki ba ne. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma sunansa ya kai ƙasashen waje saboda gwanintarsa a wasan. Amma duk da haka sai ka ga mutum ya kashe kuɗi mai yawa wajen sirdi da linzami da likkafa da jalala, ga dusa ga harawa ga kanwa, bai taɓa sunkuyawa ya dubi ƙarƙashin ƙafar da ke ɗauke da wannan ado duka ba. Kada kuma wani ya ce hawa da rani a ke yi. Babbar Salla ta faɗo cikin damina tun daga 2017 har 2023, Mauludi ma, lokacin da a ke hawan Sallar Gani a Daura, a watan Satumba ya faɗo a 2025. Dokin da kofatonsa ya ruɓe, ko da an yi masa kwalliyar zinariya, a gida za a bar shi.

To, mene ne abin yi? Abu na fari ba ya cin ko kwabo. A kafa turke a kan tudu, inda ruwa ke gangarewa, a zuba yashi, a yi rumfa. A kwashe kashi safe da yamma a kai juji, ga shi kuwa taki ne mai kyau, gona na jiransa. In wurin ya jiƙe da fitsari, a kankare a sake yashi, ko a matsar da turken. Kullum kuma a ɗaga ƙafafun nan huɗu a sakace kwarin kofato da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa marar kaifi, ana farawa daga dunduniya a yi gaba. Sa'an nan a riƙa fita da doki yana tafiya, don kuwa taku kan sa kofato ya ɗan buɗe ya zubar da abin da ya maƙale. Mutanenmu sun cika barin doki a ɗaure da damina, saboda kowa yana gona, kuma ana gudun ɓarna. Yankan kofato ma kada ya wuce mako 6 zuwa 8, gama in ya yi tsawo kwarin kan ƙara zurfi.

In ciwon ya riga ya kama, a wanke da ruwan gishiri a goge sarai, a bari ya bushe. Wanda ya iya yankan kofato ya datse mataccen abin da ya ruɓe don iska ta shiga, ban da taɓa nama mai rai. A jiƙa auduga da aidin a tura cikin kwarin, a sake kullum. In an kama shi da wuri, doki kuma yana tsaye a busasshen wuri, cikin mako ɗaya ko biyu wari kan ɗauke. Amma a zuba magani a mai da doki cikin caɓi, wannan zuba ruwa ne a kwando.

Akwai abu biyu da mu ke roƙo a bari. Ɗaya shi ne shafa baƙin mai ko kwalta a kan ruɓa, domin rufe ta a ke yi, a hana iska, watau an yi wa cutar ɗaki. Na biyu shi ne ƙona wurin da jan ƙarfe, wanda ke ƙara rauni a kan rauni. In an ga jini, ko kumburi, ko kofato ya yi zafi, ko doki ya ƙi taka ƙafar sam, a nemi likitan dabbobi nan da nan, don mai yiwuwa ƙusa ce ko ƙaya ta shige ta tara mugunya. A kuma roƙe shi allurar tetanos, cutar nan mai sandarar da jiki har haƙora su sarƙe, gama doki yana cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa, ta raunin kofato kuwa ta kan shiga.

Ku malaman makaranta da akawuna, a nan ne hannunku ke shiga. Yawancin masu kiwon dawakin nan yara ne, da yawa cikinsu a ajinku su ke zaune. Mai doki ba safai ya ke shiga barga da asuba ba, yaron ne ke shiga. A darasin aikin gona, a ɗauki rabin sa'a kafin ruwan fari, a roƙi wani mai doki a gari ya kawo nasa filin makaranta, a nuna wa yara yadda a ke tsayawa a gefen doki a ɗaga ƙafarsa ba tare da shan shuri ba, da inda za su sakace, da irin warin da in sun ji za su gaya wa maigida tun ranar.