Zuwa ga Manyan Sakatarori da Daraktocin Gwamnatin Tarayya

Mai wannan wasiƙa tsohon ma'aikaci ne, kuma ba ya musun ƙoƙarin masu riƙe da ma'aikatu a Abuja. Minista ya zo ya tafi, gwamnati ta sauya, amma ofis bai rufe ba. Madalla.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ɗaukar aiki ta bayan fage. Tsarin ai a fili yake: hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya ce ke da mataki na 07 zuwa sama, ma'aikatu su ji da na 06 zuwa ƙasa. Mai digiri ya shiga a mataki na 08, in da rabo ya kai na 17, ya sauka idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Yau kuwa gurbi kan buɗe ya rufe ba a gan shi a jarida ba, don tun a falon wani babba aka raba shi. Abin ya kai sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a 2023 kan cinikin guraben aiki.

To, wanda ya shigo da katin ubangida, da wane baki zai rubuta wa minista a fayil cewa kwangilar nan ta saɓa ƙa'ida? Sai dai ya sa hannu ya tura sama.

A zamanin Gowon, su Allison Ayida da Philip Asiodu da Ahmed Joda ne manyan sakatarori. An zarge su da yawan ƙarfi, amma ba 'yan amshin Shata ba ne. Allah sarki! Sai Murtala ya sallami ma'aikata kimanin 10,000 a 1975, har da Asiodu. A 1988 Babangida ya mai da babban sakatare darakta-janar, mai tafiya da gwamnatin da ta naɗa shi, kafin kwamitin Ayida ya ba da shawarar maido da muƙamin. Tsoron da ma'aikata ke yi na faɗin gaskiya yana da tushe, amma bai zama hujjar cusa wa ma'aikata ɗan wane da ko wasiƙar ofis bai iya tsarawa ba. Wannan abin kunya ne.

A gafarci dattijo idan harshe ya yi kaifi. Roƙonsa ga ranku ya daɗe shi ne a buga kowane gurbi a jarida, a yi jarrabawa, a fitar da sunayen waɗanda suka ci, jiha-jiha.