Kafin A Ba Saurayi Bindiga, Wa Ya Gwada Zuciyarsa?

A watan Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sanya wasan Tai Chi na ƙasar Sin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Wanda ya ga tsofaffin Sinawa da sassafe suna ɗaga hannu suna saukewa sannu a hankali, sai ya ɗauka rawa ce. Alhali asalinsa faɗa ne. Ana danganta shi da Chen Wangting, wani tsohon soja da ya koma ƙauyensu Chenjiagou a lardin Henan cikin ƙarni na 17, ya zauna yana horar da danginsa. Sinawa na lissafa shi tare da Bagua da Xingyi a matsayin wasannin faɗa na ciki, wato waɗanda ke fara gyara numfashi da tsayuwa da natsuwa tun kafin a kai ga naushi.

Akwai wani horo a cikinsa da ya fi ɗaukar hankalina. Mutum biyu ne za su tsaya, su haɗa hannuwa, su riƙa tura juna a hankali. Duk wanda ya fusata, jikinsa sai ya sandare, ya kawo ƙarfinsa gaba ɗaya. Abokin karawarsa kuwa ya ɗan goce kawai, shi kuma ya tafi da kansa ƙasa. Shekara da shekaru ana kayar da almajiri ta wannan hanya, har ya gane da jikinsa, ba da wa'azi ba, cewa fushinsa ne ke kayar da shi.

Mutanen Kebbe da Tambuwal za su ce ina ruwan biri da gada, mu da 'yan bindiga suka hana barci? To ai saboda su na ɗauko zancen. A 2024 gwamnatin Sakkwato ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, kuma ba mai hankalin da zai ce jama'a su naɗe hannu. Sai dai ba mu manta da Oktoban 2021 ba, lokacin da aka zargi 'yan sa-kai da kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, sannan 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40, har gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar. Waɗancan samari ba jarumtaka suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai koya musu riƙe hannu a sa'ar da zuciya ta tafasa.

Kada kuma wani ya ɗauka maganin bindiga nake talla. A 1900 dubban samarin Sin da Turawa suka kira 'Yan Dambe sun tunkari sojojin ƙasashen waje bisa imanin cewa harsashi ba ya huda su, aka karkashe su. A 2017 wani ɗan damben zamani, Xu Xiaodong, ya gama da wani mai kiran kansa malamin Tai Chi cikin 'yan daƙiƙu. Mu da muka san 'yan tauri, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Darasin yana wani wuri. A 1956 hukumar wasannin Sin ta taƙaita Tai Chi zuwa motsi 24 don kowa ya iya koya, daga nan abin ya ƙara zama na ma'aikaci da ɗalibi da tsohuwa. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun yi irin wannan da kokawa: tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, jihohinsu ke karawa a fili guda, wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe rairayi ya rungumi wanda ya kayar da shi a gaban dubban jama'a. Wannan runguma, a ganina, ta fi takobin tsada.

Ke nan ba sai mun aika Henan neman malami ba. Kokawar kaka tamu ce tun kaka da kakanni, kuma tsofaffin 'yan kokawa ba su ƙare ba a ƙasar Kebbe. Shawarata ga shugaban ƙaramar hukuma da uwayen ƙasar Kebbe da Kuchi ita ce su share fili da zarar an ɗaure gero, da rana tsaka saboda halin tsaro, a gayyaci 'ya'yan manoma da na makiyaya, a raba su gauraye ba ƙabila-ƙabila ba. A zaunar da masu tantance 'yan rundunar tsaro a gefen fili da takarda a hannu. Saurayin da aka kayar ya tashi yana laluben wuƙa, ko wanda ya ƙara wa abokin karawarsa gwiwa bayan alƙali ya raba, a rubuta sunansa, kada a ba shi kaki balle bindiga.