Gwanjon Waya Da Ragon Layya

Gwanjo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, yinsa ta intanet shi ne sabo. A Amurka aka kafa eBay cikin 1995, inda mutum ke sa hoton hajarsa, a yanke wa'adi, wanda tayinsa ya fi tsoka ya ɗauka. Mai kiwo a Gwarzo ko Kabo kuwa ya fi sanin WhatsApp. Ɗansa ya ɗauki hoton rago da safe, kafin la'asar mutanen birnin Kano sun taya.

To, amfanin a fili yake. Wanda ya yi wata huɗu yana zuba harawa da dusa ba ya so ya biya mota zuwa kasuwar Getso, rana ta yi sanyi ya sallama da araha don kada ya komo da dabbarsa gida. Yanzu rago na turke, shi yana jin tayi.

Amma masu cewa kwanan dillali ya ƙare sun yi gaggawa. La'adarsa ba ta daɗin baki kaɗai ba ce. Shi ya san mai saye, shi ake kamawa in kuɗi suka maƙale. Waya ba ta tsaya wa kowa. Saboda haka kada manomi ya kwance igiya don an nuna masa alat, sai ya duba asusunsa ya ga kuɗin sun zauna. Sa ƙani ya riƙa ƙara tayin ƙarya kuma, watau najashi, shari'a ta hana shi a kasuwa, ba ta kuwa halatta shi a waya ba.