ZURU GARIN SOJA, AMMA BAN DA 'YA'YANMU MATA?

Jiya da yamma a majalisarmu saura kaɗan a cinye wani bawan Allah ɗanye. Laifinsa? Ya amince 'yarsa ta nemi shiga sojan sama. Yarinyar difloma gare ta a kwamfuta, ɓangaren sadarwa take so. Wani ya ce ya zubar da ita, wani ya ce ba mai aurenta. Abin haushi, masu maganar nan kusan kowannensu yana da hoton uba ko kaka cikin kaki a rataye a falo.

Jama'a, mu ne fa ke bugun ƙirji da Janar Sani Sami da Janar Ishaya Bamaiyi. To yaushe kaki ya zama abin kunya a ƙasar Zuru? Ko sai mace ta sa shi?

Da yawanmu mun ɗauka yaƙin sama matuƙi ne kawai da jirginsa. A'a. Kafin jirgi ya tashi akwai wanda ya karɓi kiran cewa an ga babura, akwai mai duba hoton da jirgi mara matuƙi ya aiko, akwai mai faɗa wa matuƙi ga wuri, ga lokaci. In ɗakin nan ya yi jinkiri, 'yan bindiga sun shige daji. In ya yi kuskure, sai a yi jana'iza. Ku tuna Rann a 2017 da jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira. Ku tuna Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka masu Mauludi sama da 80. Aikin nan ba ƙwanji yake nema ba, natsuwa da kaifin ido yake nema. Wa ya ce Allah maza kaɗai Ya ba wa?

Kuma ba yau aka fara ba. A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ragargazar Ingila, mata ne da yawa ke zaune gaban na'urar hango jirage, su ke tura alamomi a kan taswira. A sansanin Biggin Hill bom ya faɗa wa ginin da Elspeth Henderson da Helen Turner ke riƙe da waya, ba su tashi ba sai da aka umarce su. Duka biyun an ba su lambar jarumta. In kun ce ai Turawa ne, ga Noor Inayat Khan, 'yar gidan Musulmi, asalin mahaifinta Indiya. A rundunar mata ta sojan sama ta koyi aikin rediyo, aka tura ta Faransa a ɓoye a 1943, aka kama ta, ta ƙi tona asirin kowa, aka kashe ta a Dachau a 1944.

Mu dawo gida. Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa helikwaftan yaƙi a Najeriya, a nan jihar Neja maƙwabciyarmu ta yi ta fatattakar 'yan bindiga kafin rasuwarta a 2020. 'Yar wani ce ita ma. Ubanta bai ce ya zubar da ita ba.

Na san abin da za a ce: bariki ba tarbiyya, manya na cin zarafin ƙananan mata. Wannan tsoro ne na gaskiya, ni ma uba ne. Amma ai ana yi a ofisoshi da jami'o'i, mun daina tura su ne? Mai laifin za a hukunta, ba yarinyar za a kulle ba.

Kulle ɗin ma me ya tsare? 'Yan matan da aka kwashe a makarantar Birnin Yauri a 2021, soja suka shiga? Waɗanda ake ɗauka a ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, ba a ɗakin iyayensu suke ba? Yaƙin nan tuni ya iske mata har gida. Mun yarda a sace su, ba mu yarda su zauna a ɗakin da za a hana satar ba?

Yarinyar da ta tashi a nan, tana jin Dakarci da Hausa, ta san sunan kowane rafi da tsauni, idan manomi ya bugo waya a gigice ita za ta fi saurin gane inda yake nufi.

Mai 'yar nan, in kana karantawa, kar ka janye. Allah Ya ba ta sa'a, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Mai ja kuma ya zo da hujja, ba zagi ba.