Capital Ta Yi Ƙiba, Rediyo Ya Rame

Duk sa'ad da aka soki wata tashar kiɗa ta kasuwanci da cewa waƙoƙi 'yan ƙalilan take ta juyawa dare da rana, amsar masu ita guda ce: abin da jama'a suke so muke ba su. Wannan amsa yaudara ce, kuma tarihin tashar Capital ta birnin Landan ya isa ya tona mata asiri.

Capital ta fara watsa shirye-shirye ranar 16 ga Oktoba, 1973, kwana takwas bayan tashar labarai ta LBC. Kafin nan, BBC kaɗai doka ta yarda ta yi rediyo a Birtaniya. Wanda ke neman wata murya daban sai ya kamo Radio Luxembourg da dare, ko tashoshin da ba su da lasisi irin su Radio Caroline, wadda ta fara watsawa daga jirgin ruwa a teku a 1964. Dokar 1972 ce ta buɗe ƙofar rediyon kasuwanci, amma bisa sharuɗɗa masu tsauri. Hukumar IBA ke ba da lasisi, ita ke riƙe da na'urorin watsawa, tana kuma bin diddigin jadawalin kowace tasha. An ƙayyade awoyin da za a sa faifai a rana, an kuma wajabta kashe wani kaso na kuɗin talla a kan makaɗa masu wasa kai tsaye.

A ƙarƙashin wannan takunkumi, wanda 'yan kasuwa suka yi ta kuka da shi, Capital ta yi zamaninta mafi armashi. Tana da wasan kwaikwayo, da shirye-shiryen da masu sauraro ke bugo waya su faɗi damuwarsu, da barkwancin Kenny Everett. Ta ɗauki nauyin ƙungiyar makaɗa mai suna Wren. A 1975 ta kafa gidauniyar taimakon yaran Landan. Daga 1979 David Rodigan yana gabatar da shirin reggae ga birnin da ke cike da 'yan asalin Jamaika, a shekarun 1980 kuma Charlie Gillett yana sa kiɗe-kiɗen Afirka da na sauran sassan duniya. Lokacin da tashar ta sallami Gillett a 1983, masu sauraro suka yi ca a kanta har ta mayar da shi. Ga abin da jama'a suka nuna suna so da bakinsu, kuma ya saɓa wa abin da shugabannin tashar suka zaɓar musu.

Daga nan aka fara kwance igiyar. A 1988 tashar ta rabu biyu: tsofaffin waƙoƙi suka koma Capital Gold a zangon AM, sababbi suka tsaya a FM. Dokar 1990 ta maye gurbin IBA da hukumar da ba ta cika sa ido ba. A 2005 kamfanin Capital ya haɗe da GWR, a 2008 kamfanin Global ya saye su baki ɗaya. A Janairun 2011 aka cire wa tashoshin wasu garuruwa sunayensu, aka laƙaba musu Capital. A 2018 hukumar Ofcom ta rage awoyin da dole tasha ta shirya a yankinta daga bakwai zuwa uku, kuma a Afrilun 2019 aka soke shirye-shiryen safe na garuruwa, aka maye gurbinsu da guda ɗaya daga Landan. Ba a ji mutanen Manchester ko Birmingham sun fito suna neman a rufe musu shirin safensu ba. Lissafin kamfani ne ya nemi haka, domin biyan mai gabatarwa ɗaya ya fi biyan goma sauƙi.

Za a ce har gobe miliyoyi na sauraron Capital. Gaskiya ne, sai dai adadin masu sauraro yana auna wanda bai murɗa rediyonsa ba ne kawai, ba ya auna abin da aka hana shi ji. Kuma a nan ne asirin sana'ar yake. Abokin cinikin tashar kasuwanci shi ne mai talla, hajar da ake sayar masa kuwa kunnuwan matasa ce. Waƙar da ba a saba da ita ba tana iya sa mutum ya sauya tasha kafin talla ta zo, don haka ake taƙaita jerin waƙoƙi, a yi ta maimaita wanda kunne ya riga ya sani. Mai gabatarwa da a da yake zaɓen faifai da kansa yanzu yana bin abin da kwamfuta ta jera masa.

Za a kuma ce mai son reggae ya tafi Spotify. To, Spotify bai karɓi zango daga hannun hukuma ba. Zangon FM dukiyar al'umma ce mai iyaka, wanda aka ba shi an hana wani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan muhawara ta shafe mu, domin mu ma mun bi hanya makamanciyar wannan: doka mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC, Raypower kuma ta fara aiki a Legas a 1994 a matsayin tashar rediyo mai zaman kanta ta farko a Nijeriya. Duk sa'ad da masu tashoshi suka nemi a sassauta musu, ya kamata mu rarrabe ƙa'ida iri biyu. Wadda ke toshe bakin ɗan jarida abar yaƙa ce. Wadda ke tilasta wa tasha ta shirya shiri a garin da take, da harshen mutanensa da makaɗansa, ita ce ta ba Landan Rodigan da Gillett, kuma ranar da aka cire ta ba kasuwa ce za ta dawo da su ba.