Makwancin da Ya Dogara ga Kyauta: Tara Kuɗi Domin Matasan LGBTQ Marasa Matsuguni a Amurka

A watan Disamba na shekarar 1997 aka harbe wani matashi ɗan shekara 22 mai suna Ali Forney a unguwar Harlem da ke birnin Niyok na ƙasar Amurka. Ya shafe shekaru yana kwana a titi kafin ajalinsa, kuma ba a kama wanda ya kashe shi ba. Bayan shekara biyar, wato a 2002, wani ma'aikacin jinƙai da ya san shi, Carl Siciliano, ya buɗe wurin kwana mai gadaje shida a ɗakin ƙasa na wata majami'a, ya kuma raɗa masa sunan mamacin. Wannan ɗan ɗaki shi ne ya bunƙasa ya zama Cibiyar Ali Forney, wadda a yau ake lissafa ta a matsayin mafi girma a ƙasar cikin ƙungiyoyin da suka keɓe kansu ga samar da matsuguni ga matasan da ake kira LGBTQ. Tarihin yadda cibiyar ta riƙa samun kuɗin gudanarwa yana nuna, a ganina, iyakar abin da gidauniya za ta iya yi wa yaron da gidansu ya rufe masa ƙofa.

Kafin a yi nisa ya kamata a tsaya kan suna, domin manazarcin Hausa ba zai bari a wuce wurin ba. Kalmomin da Bahaushe ya saba da su, wato 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, suna nuni ne ga aiki, kuma kowace tana ɗauke da hukuncinta a ciki. Kafofin yaɗa labarai sukan ce masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Ɗan daudu kuwa, kamar yadda Rudolf Gaudio ya nuna a littafinsa na 2009 kan 'yan daudun Kano, suna ne na matsayi da sana'a da salon magana, bai dace daidai da ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa ba. Na bar haruffan yadda suke ne saboda da yawa daga yaran da ake magana a kansu ba wani aiki aka kama su suna yi ba. Abin da suka faɗa game da kansu, ko shigarsu, ko yadda suke tafiya da magana, shi ya jawo aka kore su. Sanannen abu ne cewa mafi yawan masu karanta wannan mujalla suna da tabbataccen matsayi a kan lamarin, kuma dokar da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2014 ta haramta ko da tallafa wa ƙungiyoyin irin waɗannan mutane. Tambayar da ke gabana ta fi wannan muhawara ƙunci: wa ya kamata ya biya kuɗin makwancin yaro ɗan shekara 16 a garin da ruwa ke daskarewa da hunturu?

Alƙaluman da masu neman gudummawa suka fi ɗagawa sun fito ne daga wani bincike na Cibiyar Williams ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wanda aka buga a 2012. An ce kashi 40 cikin 100 na matasa marasa matsuguni da ƙungiyoyin agaji ke hulɗa da su suna cikin wannan rukuni, kuma manyan dalilai biyu da aka ambata su ne gudu daga gida saboda ƙyamar dangi da kuma korar da iyaye suka yi. Sai dai mai kula da hanyar bincike zai lura cewa ma'aikatan ƙungiyoyin aka tambaya, ba yaran ba. Ƙiyasi ne na masu kula da su, amma ya shiga takardun neman tallafi kamar ƙidayar gida-gida ce. Binciken da cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Shikago ta fitar a 2017 ya fi ƙarfin tushe, domin an tuntuɓi mutum fiye da 26,000 ta waya. Ya gano cewa cikin shekara guda, ɗaya daga kowane matasa 10 masu shekara 18 zuwa 25 yakan fuskanci wani nau'i na rashin matsuguni, haka nan ɗaya daga kowane yara 30 masu shekara 13 zuwa 17, sannan haɗarin da ke kan matasan LGBTQ ya haura ninki biyu na sauran. Matsala mai wannan girma ta miliyoyin mutane ce, ta wuce abin da liyafar tara kuɗi ta shekara-shekara za ta ɗauka.

An daɗe da gwada dogaro ga aljihun ɗaiɗaikun mutane. A 1970 Sylvia Rivera da Marsha P. Johnson suka kafa ƙungiyar STAR, suka kama wani tsohon gini a gabashin Manhatan suna kwantar da yaran titi. Su kansu ba su da abin hannu, har ta kai da karuwanci suke samo kuɗin haya da na abinci domin kada yaran su yi. A 1971 bashin haya ya ci ƙarfinsu, aka fitar da su. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin misalin sadaukarwa, kuma haka ɗin ne, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne gajartar rayuwar gidan. Kyakkyawar niyya ta buɗe ƙofa. Kuɗin da ke zuwa kowane wata ba fashi ne kaɗai zai iya barin ta a buɗe.

Misalin da ya fi fito da maganar fili shi ne na Bea Arthur, fitacciyar 'yar wasan kwaikwayon talabijin. Da ta rasu a 2009 sai aka tarar ta yi wasiyyar dala 300,000 ga Cibiyar Ali Forney. Kuɗin sun zo a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, masu ba da gudummawa suka ja da baya, don haka sun taimaka wa cibiyar ta tsallake mawuyacin hali. Domin tunawa da ita aka yi alƙawarin buɗe gida da sunanta, aka kuwa buɗe shi a 2017, mai gadaje 18. To, amma kuɗin gyaran ginin, sama da dala miliyan uku, daga baitulmalin birnin suka fito, ta hannun majalisar birni da ofishin shugaban gundumar Manhatan. Wato kyautar da ta ba gidan suna ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da hukuma ta zuba ba, kuma shekara takwas aka yi tsakanin wasiyya da buɗe ƙofa. Ba rage wa marigayiyar daraja nake yi ba. Sunanta ne ya jawo hankalin 'yan jarida, hankalin 'yan jarida kuma ya sa 'yan siyasa suka ga akwai riba a sa hannu. Wannan shi ne ainihin amfanin da kyautarta ta yi, kuma ya fi adadin dalolin nauyi.

Haka aka gani a watan Oktoba na 2012, lokacin da guguwar Sandy ta cika ofishin karɓar matasa na cibiyar da ke unguwar Chelsea da ruwa, ta lalata shi. Gudummawa ta yi ta kwarara daga ko'ina, domin masifa mai hoto tana buɗe bakin aljihu. Albashin ma'aikacin da zai kwana yana gadin ɗaki, da kuɗin wuta da ɗumama gini, da ladan likitan ƙwaƙwalwa, da kuɗin motar yaron da zai je neman aiki, waɗannan ba su da hoto, kuma su ne ke cinye kasafi. Mai ba da kyauta yana son ya ga gini da allon suna. Da wuya a samu wanda zai yi alfahari da cewa shi ya biya kuɗin wankin zannuwa na shekara uku.

Abin da ya sauya yawan gadaje a Niyok da gaske ƙara ce a kotu. Birnin yana da wani tsari da ba kasafai ake samun irinsa ba a Amurka: tun daga yarjejeniyar da ta biyo bayan shari'ar Callahan a 1981, hukuma ta ɗauki nauyin ba magidanta da gwauraye marasa matsuguni wurin kwana. Matasa kuwa an bar su a tsakiya. Wani ƙiyasi da aka yi wajen 2008 ya nuna kimanin matasa 3,800 ne ba su da wurin kwana a kowane dare, alhali gadajen da birnin ya tanadar musu ba su wuce 253 ba a 2013. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar lauyoyi ta Legal Aid Society ta kai birnin ƙara a madadin yaran. Cikin 'yan shekaru, a zamanin magajin gari Bill de Blasio, gadajen suka kai 753, sannan a 2018 majalisar birni ta yi dokar da ta ba da damar karɓar matasa har zuwa shekara 24. Gadaje 500 ke nan aka ƙara, kuma na dukkan matasa marasa matsuguni ne, ba na rukuni ɗaya ba. A kwatanta wannan da gadaje 18 na gidan Bea Arthur, ko ɗakuna 30 na gidan True Colors da aka buɗe a Harlem a 2011 da sa hannun mawaƙiya Cyndi Lauper.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawo mini. Kuɗin gwamnati suna zuwa da sharuɗɗa, suna makara, kuma suna bin iskar siyasa. Wanda ya ba ka bana yana iya janyewa baɗi idan mulki ya sauya hannu, musamman a kan al'amari mai raba kan jama'a irin wannan. Kuɗin gidauniya ne ke ba ƙungiya 'yancin karɓar yaron da ya wuce shekarun da doka ta ƙayyade, ko wanda ba shi da takardun zama, da kuma ƙarfin halin sukar hukumar da ke ba ta kwangila. Na yarda da wannan, shi ya sa ban ce a daina tara kuɗi ba. Abin da nake cewa shi ne a san gurbinsu. Wurinsu shi ne toshe giɓi, da gwada sabon tsari, da ɗaukar nauyin lauyoyi da masu matsa wa majalisa lamba. Idan aka mayar da su ginshiƙi, an sauke wa hukuma nauyin da yake nata ne, an kuma sa makwancin yaro ya dogara ga ko labarinsa ya taɓa zuciyar wani attajiri a daren liyafa.

Wannan batu na labari ma yana da nasa tsada, kuma masu nazarin adabin baka sun fi kowa sanin cewa mai sauraro yana tsara abin da mai ba da labari zai faɗa. Domin a tara kuɗi ana buƙatar yaro ya tsaya gaban jama'a ko gaban kyamara ya fasa sirrin gidansu: abin da uba ya ce, abin da ya yi don ya ci abinci. Labarin da ya fi karɓuwa shi ne na yaro marar laifi ko kaɗan da iyaye masu taurin zuciya. Wanda ya faɗa shaye-shaye, ko yake da taɓin hankali, ko ya taso daga gidan riƙo zuwa gidan yari, labarinsa ba ya sayuwa, ga shi kuwa shi ya fi buƙatar gadon. Abin da aka ɗora a intanet kuma ba ya gogewa. Yana nan ranar da yaron zai nemi aiki, yana nan ranar da zai so komawa wurin uwarsa.

Komawa gida ita ce ɓangaren da aka fi yi wa rowa. Caitlin Ryan da abokan aikinta na Jami'ar Jiha ta San Faransisko sun buga wani bincike a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2009, inda suka nuna cewa matasan da danginsu suka tsananta musu ƙyama sun ninka sauran fiye da sau takwas wajen ba da rahoton yunƙurin kashe kai. Abin lura a aikinsu shi ne ba su nemi iyaye su bar addininsu ba. Sun zauna da iyalai masu riƙon addini suna nuna musu cewa rage wasu halaye, kamar duka da zagi da kora da hana yaro zama cikin 'yan'uwansa, yana rage haɗarin mutuwarsa ko da ra'ayinsu bai sauya ba. A Ingila ma, asusun Albert Kennedy, wanda wata mai riƙon yara, Cath Hall, ta kafa a Manchesta a 1989 bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara 16, ya fara ne da neman gidajen mutane da za su karɓi matasa maimakon gina sababbin ɗakuna. Irin wannan aiki ya fi gini araha nesa ba kusa ba, amma shi ya fi wuyar tara wa kuɗi, domin mai shiga tsakani da ya shawo kan uba ya bar ɗansa ya ci gaba da kwana a ɗakinsa ba shi da ginin da zai kai masu gudummawa su gani, kuma yaron ba zai taɓa shiga ƙidayar marasa matsuguni ba balle a ce an rage ta da mutum ɗaya.