Ɗingishin Hoto: Dalilin da Faifai Mai Tsada Ke Cijewa a Talabijin Mai Tsada

Akwai wani takaici da ya keɓanta ga masu son fim na gaske. Mutum zai tara kuɗi ya sayi babbar talabijin, ya haɗa ta da na'urar Blu-ray ko PlayStation, ya sa faifan da aka ce babu kamarsa wajen tsabtar hoto. Muddin jarumai na zaune suna magana, komai ras yake. Amma da zarar kyamara ta fara juyawa a hankali daga hagu zuwa dama, ko sunayen ma'aikata suka fara hawa a ƙarshen fim, sai hoton ya riƙa tafiya kamar mai targaɗe: taku ɗaya dogo, taku ɗaya gajere. Wasu kan goge faifan da gefen riga, wasu kan canja waya, wasu ma kan mayar da talabijin ɗin kanti suna zargin an yi musu sakiyar da ba ruwa.

Faifan lafiyarsa ƙalau, wayar ma haka. Abin da ake gani ɗingishi ne da lissafi ya haifar, kuma an san maganinsa tun kafin a sayar da faifan Blu-ray na farko. Saboda haka alhakin ci gaba da wanzuwarsa yana wuyan kamfanonin da ke ƙera na'urorin, waɗanda suka bar magani a ɓoye cikin saiti, sannan suka tallata wani abu dabam da sunan gyara.

Inda 24 ta ƙi shiga 60

Fim jerin hotuna ne marasa motsi, da ake nunawa da sauri har ido ya ɗauke su a matsayin motsi. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da sauti ya shigo silima, masana'antar ta tsaya a kan hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Ita kuwa talabijin, daga wutar lantarki ta gaji saurinta. A Amurka wuta tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, don haka allon talabijin ɗinsu yake sabunta hoto sau 60. A Turai da Indiya da yawancin Afirka, har da Najeriya da Nijar, adadin 50 ne.

To, 24 ba ta shiga 60 daidai. Idan aka raba, kowane hoton fim zai samu biyu da rabi, alhali allo ba ya iya nuna rabin hoto. Dabarar da injiniyoyi suka ɓullo da ita ita ce a nuna hoto na farko sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau uku, na huɗu sau biyu, haka har ƙarshen fim. Jimilla ta yi daidai: hotuna 12 sau uku, 12 sau biyu, an samu 60. Amma adalcin lokaci ya ɓace. Kyamara ta ɗauki kowane hoto da tazara iri ɗaya, kashi ɗaya cikin 24 na daƙiƙa. A allo kuwa wani hoton yana zama kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, mai bi masa kashi ɗaya cikin 30. Ma'ana, kowane hoto na farko ya fi ɗan'uwansa daɗewa da rabi. Ido yana bin abin da ke motsi da tsammanin zai tafi salin-alin, sai ya riƙa samunsa a gaba ko a bayan inda ya zata. Wannan saɓanin shi ne ɗingishin.

Ƙasashe masu 50 sun bi wata hanya. Sun ƙara wa fim gudu daga 24 zuwa 25, suka nuna kowane hoto sau biyu. Motsi ya fito sumul, amma an biya farashi: fim ya ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100, fim ɗin sa'o'i biyu ya ƙare a minti 115, muryoyi da kiɗa suka ɗan ƙara kaifi. Masu kallo a waɗannan ƙasashe sun shekara da shekaru a haka ba tare da sun san ɗingishin uku-da-biyu ba. Abin mamaki, fasahar da aka ce ta fi ce ta kawo musu shi.

Alkawarin 2006

Da Blu-ray da kishiyarsa HD DVD suka fito a 2006, babban abin da suka zo da shi, baya ga yawan ɗigon hoto, shi ne adana fim a saurinsa na asali. A karon farko mai kallo a gida, ko a wace ƙasa yake, ya samu damar ganin fim a gudun da aka ɗauke shi. Sai dai faifai ba ya nuna kansa. Dole na'urar kunnawa ta aika hotuna 24 ɗin yadda suke, dole kuma talabijin ta karɓe su ta nuna kowane ɗaya sau daidai da ɗan'uwansa: sau uku-uku a allo mai 72, kamar yadda wasu talabijin ɗin Pioneer suka yi, ko sau biyar-biyar a allo mai 120. Idan ɗaya daga cikin biyun ta gaza, an koma gidan jiya.

Kuma da yawa sun gaza. Na'urar Blu-ray ta farko da ta shiga kasuwar Amurka, Samsung BD-P1000, ba ta fitar da 24. Mayar da fim take yi zuwa 60. PlayStation 3, wadda ta fito a Nuwamban 2006 kuma ta zama ƙofar da miliyoyin gidaje suka shiga duniyar Blu-ray ta cikinta, ba ta zo da wannan damar ba, sai a 2007 Sony ta ƙara ta ta hanyar sabunta manhaja. Wannan sabuntawa hujja ce babba, domin ta nuna cewa ƙarfen na'urar yana iyawa tun ranar farko. Abin da ya rage shi ne wani a kamfani ya ɗauki batun da muhimmanci.

Darasin bai shiga kunnen kowa ba. A Nuwamban 2013 Microsoft ta fitar da Xbox One da burin ta zama cibiyar ɗakin kallo, har da kafar da za a jona akwatin tashoshin talabijin. Amma na'urar tana fitar da hoton tashoshi a 60, alhali tashoshin Birtaniya da sauran Turai a 50 suke watsawa. Sakamakon haka, a cikin kowane hotuna biyar sai an maimaita ɗaya, kuma masu kallon ƙwallon ƙafa suka ga ƙwallo tana cijewa a sararin sama. Sai a 2014 aka ƙara zaɓin 50. Kamfanin da ke da dubban injiniyoyi ya ƙera na'ura kamar duk duniya Amurka ce.

Akwai ma wani ƙaramin ɗingishi da ya fi wannan ɓuya. Lokacin da Amurka ta shigo da talabijin mai launi a 1953, an rage saurin allo da kashi ɗaya cikin dubu, daga 60 zuwa 59.94. Gadon wannan gyara shi ne yawancin finafinan da ke kan faifai suna tafiya a 23.976, ba 24 cif ba. Na'urar da ta yi biris da wannan bambanci ta fitar da 24 cif, dole ta maimaita hoto ɗaya kusan kowace daƙiƙa 42. Mai kallo zai ga wata 'yar cijewa da ke zuwa ta wuce, ya kasa gane ko idonsa ne ko hoton.

Gyaran gangar Auzinawa

Maimakon su daidaita saurin allo da na fim, masu ƙera talabijin sun fi son wata dabara da ake iya tallatawa. Kwamfutar da ke cikin talabijin tana duba hotuna biyu, ta ƙirƙiri na tsakiya da kyamara ba ta taɓa ɗauka ba, ta cusa shi a tsakaninsu. Sony tana kiran nata Motionflow, LG TruMotion, Samsung kuma Auto Motion Plus. Shekaru da yawa akasarin talabijin suna fitowa daga kwali da wannan saiti a kunne.

Ɗingishi yana gushewa, amma fim ɗin ma yana gushewa tare da shi. Aikin da aka kashe miliyoyin daloli wajen haskensa da tsarinsa sai ya koma kamar wasan kwaikwayon da aka ɗauka da kyamarar biki. Kayan sarauta su koma tufafin haya, fada ta koma katako da fenti. Inda motsi ya yi sauri, kwamfutar kan yi kuskure, a ga wani kewaye mai rawa a gefen jarumi, ko hannu ya rabu biyu. A Disamban 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sun fitar da ɗan gajeren bidiyo suna roƙon masu kallo su kashe wannan saiti kafin su kalli Mission: Impossible – Fallout a gida. A 2019 ƙungiyar UHD Alliance, da goyon bayan daraktoci irin su Martin Scorsese da Christopher Nolan, ta sanar da Filmmaker Mode, saiti guda da ke kashe ƙirƙirarrun hotuna. Sai da manyan masana'antar suka fito suna roƙo kafin a samu maɓalli ɗaya da ke cewa talabijin ta bar fim yadda yake.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Masu kare kamfanoni suna da abin faɗa, kuma ba duka ne shirme ba. Na farko, sukan ce yawancin mutane ba sa lura. Gaskiya ne cewa wanda ya taso da uku-da-biyu idonsa ya saba. Amma sabo da lahani bai mayar da shi daidai ba, kuma wanda ya biya kuɗin faifai mai inganci ya biya ne takanas don a ba shi abin da ke cikinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na biyu, sauya saurin allo yana sa talabijin ta yi baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farkon fim, wasu masu saye kuma kan ɗauka lalacewa ce. Wannan dalilin yana da tushe, kuma yana cikin abin da ya sa na'urori da yawa suka gwammace su kafe a 60. Apple TV ma sai a ƙarshen 2017 ta samu zaɓin bin saurin fim, kuma mai ita ne zai shiga saiti ya kunna. Amma duhun daƙiƙa biyu bai kai ɗingishin sa'o'i biyu ba.

Na uku ya fi ƙarfi. Ko an daidaita komai, 24 ɗin kanta ba ta da yawa, kuma motsi mai sauri zai ɗan yi tsalle-tsalle. Masu ɗaukar hoto sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke da ƙa'idar cewa abu ya ɗauki kusan daƙiƙa bakwai kafin ya ratsa allo idan kyamara na juyawa, kuma suke barin ɗan dishi-dishi a kowane hoto don ya haɗe da na gaba. Allon OLED na zamani, saboda saurin sauya hotonsa da ƙarfin haskensa, yana ƙara tona wannan tsalle. Wanda ya kunna ɗan sassauci kaɗan don ya rage shi bai yi laifi ba, ɗakinsa ne, idonsa ne. Amma a raba abubuwa biyu. Tsallen 24 yana tafiya da tazara iri ɗaya, darakta ya gan shi a ɗakin tacewa, ya tsara aikinsa a kansa. Ɗingishin uku-da-biyu kuwa baƙo ne da na'ura ta shigo da shi bayan an gama aiki. Idan darakta yana son motsi mai santsi, hanya a buɗe take: Peter Jackson ya ɗauki The Hobbit, wanda ya fito a 2012, a 48, Ang Lee ya ɗauki Gemini Man, wanda ya fito a 2019, a 120. Wannan zaɓin mai fim ne, bai kamata kwamfutar talabijin ta yi masa shi ba.

Abin da ya kamata

Buƙatar ba ta da wuya. Kowace na'urar kunna faifai da kowace na'urar wasa ta fito daga kamfani tana bin saurin abin da aka sa mata, ko 23.976 ne, ko 24, ko 50, ko 60. Kowace talabijin ta bayyana a jikin kwalinta ko tana iya nuna 24 ba tare da ɗingishi ba, domin akwai masu karɓar 24 ta waya sannan su mayar da ita 60 a ciki, mai saye bai sani ba. Ƙirƙirarrun hotuna kuma su zama abin da mai so zai kunna da hannunsa.

Kafin a kai can, mai kallo yana da abin yi. Ya shiga saitin bidiyo na na'urarsa ya tabbatar an ba da izinin fitar da 24Hz, wanda ke nan a PlayStation da Xbox da yawancin na'urorin Blu-ray. Ya duba talabijin ya zaɓi Filmmaker Mode ko yanayin silima, ya kashe sassaucin motsi. Sannan ya gwada da sunayen ƙarshen fim, domin babu inda ɗingishi ke tona kansa kamar farin rubutu mai hawa a kan baƙin allo.

Lamarin ya ƙara nauyi yanzu da kasuwar faifai ke tsukewa. Oppo ta daina ƙera na'urorinta a 2018, Samsung ta daina fitar da sababbi a Amurka a 2019. Ga gidaje da yawa, na'urar wasa ce kaɗai ta rage mai karanta faifai, kuma faifai ne kaɗai kwafin fim da mutum ke riƙe da shi a hannunsa, wanda babu kamfanin intanet da zai goge masa. Kamfanoni ƙalilan da suka rage a wannan fage su ne za su yanke ko finafinan shekaru kusan ɗari za su ci gaba da tafiya da takunsu na asali a ɗakunan mutane, ko kuwa da ɗingishin da ba su zo da shi daga silima ba.